GALILEO GALILEI: MALAMIN DA YA WARWARE SIRRIN FAƊUWAR ABUBUWA

Ran 8 ga watan Janairu na shekarar 1642 wani dattijo makaho, mai shekara 77 da haihuwa, ya rasu a gidansa da ke ƙauyen Arcetri, kusa da birnin Fulorens a ƙasar Italiya. Ya rasu ne yana cikin ɗaurin talala, gama shekara takwas ke nan da hukumar Cocin Katolika ta hana shi barin gidan sai da izini, ta kuma hana a buga abin da ya rubuta. Sunan wannan dattijo Galileo Galilei.

Yawancin mutane sun san shi ne ta wajen binciken taurari da kuma shari'ar da aka yi masa a birnin Rum. Amma aikin da ya fi daɗewa a kansa, wanda ya soma tun yana saurayi bai kuwa kammala ba sai da idonsa ya tafi, a kan wata tambaya ce wadda ko yaro zai iya yin ta. In an saki dutse da gashin tsuntsu daga kan soro, me ya sa dutsen ke riga gashin isa ƙasa? Shekara kusan 1,900 malamai suna ba da amsa guda, watau dutsen ya fi nauyi. Galileo ne ya nuna cewa iska ce ke jawo bambancin, ya kuma bayyana yadda take yin haka.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Galileo ran 15 ga watan Fabrairu na shekarar 1564 a birnin Pisa. Shi ne ɗan fari a gidansu. Mahaifinsa, Vincenzo Galilei, makaɗi ne kuma masanin ƙa'idojin kiɗa, mutum mai asali amma marar dukiya. Uban ya kasance yana rataya nauyi iri iri a jikin tsirkiya domin ya auna yadda amonta ke canzawa, ya kuma yi jayayya da manyan malaman kiɗa na zamaninsa a kan abin da gwaji ya nuna masa. A irin wannan gida yaron ya tashi.

Bayan ya yi karatun farko a gidan masu zuhudu na Vallombrosa, sai uban ya tura shi Jami'ar Pisa ya koyi aikin likita, don a lokacin nan sana'a ce mai kawo kuɗi. Amma zuciyarsa ba ta can. Da ya haɗu da wani malamin lissafi mai suna Ostilio Ricci, sai ya duƙufa a kan littattafan Yuklid da Arkimidis, masanan Girka na dā. A shekarar 1585 ya bar jami'a ba tare da takardar shaida ba. Shekara guda bayan haka ya rubuta ɗan littafi a kan wani ma'auni da ya ƙera, wanda ake gane tsabtar ƙarfe da shi ta hanyar auna nauyinsa a iska da kuma cikin ruwa. Tun daga nan ya saba da lura da yadda ruwa ko iskar da ke kewaye da abu ke shafar nauyinsa. A shekarar 1589 aka naɗa shi malamin lissafi a jami'ar da ya bari, yana da shekara 25.

KOYARWAR DA YA TARAR

A jami'o'in Turai na wancan zamani maganar Aristotal, masanin falsafar nan na Girka, ita ce hujja. Aristotal ya koyar da cewa saurin faɗuwar abu yana bin nauyinsa ne, watau abin da ya ninka wani nauyi sau goma zai ninka shi gudu sau goma. Ya kuma koyar da cewa gwargwadon kaurin abin da ake ratsawa, ruwa ne ko iska, gwargwadon raguwar gudun. Daga nan ya yanke cewa ba zai yiwu a sami sararin da babu komai a cikinsa ba, domin a can gudun abu zai zama ba shi da iyaka.

Ba Galileo ne farkon wanda ya yi shakkar wannan koyarwa ba. A ƙarni na 6 wani malami a Iskandariya ta Masar, Yohana Filoponus, ya lura cewa in aka saki abubuwa biyu masu bambancin nauyi ƙwarai, tazarar lokacin isarsu ƙasa 'yar kaɗan ce. Haka kuma Ibn Bajja, masanin Andalus wanda ya rasu a Fas wajen shekarar 1138, ya ce ko da babu iska ko ruwa, abu zai ɗauki lokaci kafin ya ratsa wata tazara, abin da iska ke yi kawai shi ne rage masa gudun da yake da shi. Ibn Rushd ya kawo wannan ra'ayi cikin sharhinsa domin ya soke shi, ta wannan hanya kuwa ra'ayin ya shiga hannun malaman Turai.

Akwai labarin da ya shahara cewa Galileo ya hau karkatacciyar hasumiyar Pisa ya saki ƙwallaye masu nauyi daban daban a gaban malamai da ɗalibai. Almajirinsa Vincenzo Viviani ne ya rubuta labarin, shekaru bayan rasuwar malamin, masana tarihi da dama kuwa suna shakkarsa tun da Galileo bai ambace shi cikin rubuce-rubucensa ba. Abin da ya tabbata shi ne Simon Stevin ya yi irin wannan gwaji a garin Delft na ƙasar Holan, ya kuma buga labarinsa a shekarar 1586. Ya saki ƙwallayen dalma biyu daga tsawon ƙafa 30, ɗaya ta ninka ɗaya nauyi sau goma, suka faɗi kan katako ƙararsu ta zama kamar guda.

Shi kansa Galileo a Pisa bai riga ya kai ga gaskiyar ba. A cikin rubutun da ya yi wajen shekarar 1590, wanda bai buga ba, ya ɗauka cewa kowane abu yana da gudunsa tsayayye da yake faɗuwa da shi, ƙaruwar gudun da ake gani a farko kuwa abu ne mai wucewa. Sai da ya ƙara fiye da shekara goma kafin ya gyara wannan kuskure.

KATAKO, ƘWALLO DA KASKON RUWA

Mahaifinsa ya rasu a shekarar 1591 ya bar masa nauyin gida, har da bashin kayan auren ƙanwarsa. A shekarar 1592 ya sami kujerar lissafi a Jami'ar Padua, a ƙarƙashin mulkin Venis, inda ya yi shekara 18. Albashin bai ishe shi ba, don haka ya riƙa saukar da ɗalibai a gidansa, yana kuma ƙera kayan awo na lissafi yana sayarwa. A can aka haifa masa 'ya'ya uku, mata biyu da namiji guda.

Matsalar da ta tsaya masa ita ce abu mai faɗuwa ya fi ƙarfin ido, agogon zamanin kuma ba ya iya auna guntun lokaci. Sai ya yi dabarar rage wa faɗuwar sauri. Ya samo katako mai tsawon kamu 12, ya fafe masa kwararo madaidaici, ya shimfiɗa fata mai santsi a ciki, ya ɗaga gefe guda kamu ɗaya ko biyu, sa'an nan ya riƙa gangaro da ƙwallon tagulla. Domin auna lokaci sai ya ɗora babban kasko na ruwa a bisa, da ɗan siririn bututu a gindinsa. Ruwan da ya zuba cikin moɗa yayin da ƙwallon ke gangarowa shi yake aunawa a sikeli, nauyin ruwan ya zama ma'aunin lokaci.

Da ya maimaita gwajin sau da yawa, sai ya ga wani tsari wanda ba ya saɓawa. In ƙwallon ya ci taki 1 a lokaci na farko, zai ci taki 3 a na biyu, 5 a na uku, 7 a na huɗu. Watau in lokaci ya ninku biyu, tazarar da aka ci ta ninku huɗu, in ya ninku uku ta ninku tara. A shekarar 1604 ya rubuta wa abokinsa Paolo Sarpi wasiƙa da wannan ƙa'ida a ciki. Da awon yau, abin da ke faɗuwa inda iska ba ta dame shi ba yana ƙara gudun mita 9.8 a kowane sakan. Yakan ci mita 4.9 a sakan na farko, mita 19.6 cikin sakan biyu, mita 44 da 'yan kai cikin sakan uku.

TAURARI DA SHARI'A

Yana shirin tattara wannan bincike cikin littafi sai wani al'amari ya ɗauke masa hankali. A shekarar 1609 ya ji labarin madubin hangen nesa da aka ƙera a Holan, ya ƙera nasa wanda ya fi shi ƙarfi, ya juya shi sama. Ya ga duwatsu da ramuka a fuskar wata, a watan Janairu na 1610 kuma ya ga waɗansu ƙananan taurari huɗu suna kewaya Mushtari. Littafin da ya buga a kan haka ya watsa sunansa ko'ina a Turai, har Sarkin Tuskani, Cosimo na Biyu, ya ɗauke shi ya zama babban masanin lissafi da falsafa na fadarsa a Fulorens.

Abin da ya gani ya ƙarfafa masa ra'ayin Kopanikus, cewa duniya ce ke kewaya rana. A shekarar 1616 hukumar Coci ta yanke cewa wannan ra'ayi ya saɓa wa nassi, aka kuma gargaɗe shi kada ya riƙe shi ko ya kāre shi. Da wani masoyinsa ya zama Paparoma a shekarar 1623, da sunan Urban na Takwas, Galileo ya zaci ƙofa ta buɗe. A shekarar 1632 ya buga littafin muhawara a kan tsarin duniya iri biyu, wanda kowa ya ga inda ya karkata. Paparoma ya husata, aka kira shi Rum gaban kotun binciken aƙida. Ran 22 ga watan Yuni na 1633, yana da shekara 69, aka sa shi ya durƙusa ya yi tir da ra'ayinsa. Aka haramta littafin, aka yanke masa ɗauri, wanda aka mayar ɗaurin talala.

A ƙarshen shekarar aka bar shi ya koma Arcetri, kusa da gidan zuhudun da 'ya'yansa mata biyu suke. Babbar, wadda aka sani da suna Mariya Celeste, ita ce ta riƙa kwantar masa da hankali da wasiƙu duk tsawon shari'ar. Bai fi wata huɗu da dawowa ba ta rasu, a watan Afrilu na 1634, tana da shekara 33. Cikin wannan baƙin ciki, ga ciwo, ga ido yana dushewa, ya koma kan tsofaffin takardunsa na Padua.

LITTAFINSA NA ƘARSHE

Tun da an hana buga aikinsa a ƙasashen da ke ƙarƙashin ikon kotun, sai aka fitar da rubutun zuwa Holan. Madaba'ar Elzevir ta birnin Leiden ta buga shi a shekarar 1638. Kafin littafin ya iso hannunsa ya riga ya makance. Littafin yana magana a kan sababbin ilmomi biyu, watau ƙarfin kayan gini da motsin abubuwa, an kuma tsara shi a matsayin hira tsakanin mutum uku cikin kwana huɗu.

A nan ya rushe koyarwar Aristotal da hujjar hankali zalla. In babban dutse ya fi ƙarami gudu, to, me zai faru in an ɗaure su wuri guda? Ƙaramin zai ja babban baya, gudunsu ya kasa na babban shi kaɗai. Amma kuma su biyun a haɗe sun fi babban nauyi, don haka ya kamata su fi shi gudu. Maganar ta ci karo da kanta. Ya kuma kawo misalin ƙwallon ƙarfe mai laba 100 da mai laba 1 da aka saka daga tsawon kamu 100. Bisa ga koyarwar dā, sa'ad da babban ya isa ƙasa ƙaramin bai wuce kamu guda ba. A zahiri kuwa babban ba ya riga ƙaramin sai da faɗin yatsa biyu. Ba daidai ba ne, a ganinsa, a ɓoye kuskuren kamu 99 a bayan yatsa biyu.

To, amma daga ina yatsa biyun nan suka fito? A nan basirarsa ta bayyana. Ba shi da na'urar da zai zuƙe iska daga wuri, saboda haka ya kwatanta faɗuwa cikin abubuwa masu kauri daban daban. A cikin zaiba, zinariya tana nutsewa amma dalma tana yawo a sama. A cikin ruwa, ƙwan da aka sassaƙa da marmara yana tsere wa ƙwan kaza nesa ba kusa ba. A cikin iska kuwa tazararsu 'yan yatsu ce. Gwargwadon yadda abin da ake ratsawa ya rage kauri, gwargwadon yadda bambancin ke raguwa. Daga nan ya yanke cewa inda babu abin tokarewa sam, curin ulu da guntun dalma tare za su sauka.

MAƘURAR GUDU

Bai tsaya ga cire iska daga lissafi ba, sai da ya komo ya duba aikin da take yi. Ya lura cewa abu mai faɗuwa dole ne ya buɗa wa kansa hanya cikin iska, gwargwadon saurinsa kuma gwargwadon tokarewar da iskar ke yi masa. Saboda haka ƙaruwar gudun takan riƙa raguwa, har a kai wani matsayi inda gudun ya daina ƙaruwa, abin ya ci gaba da sauka da sauri guda har ƙasa. Wannan ita ce maƙurar gudu. Ya tabbatar cewa babu ƙwallon da ya kai girma ko nauyin da zai kuɓuta daga wannan hukunci, muddin tazarar ta isa. Har ya yi hasashen cewa harsashin da aka harba ƙasa daga bisa doguwar hasumiya iska za ta rage masa gudu ne, tun da ya fito da saurin da ya zarce maƙurarsa, ko da yake ya faɗa a fili cewa bai gwada wannan ba.

Ya kuma bayyana dalilin da ya sa ƙananan abubuwa ke sauka a hankali. In aka rage faɗin ƙwallo zuwa rabi, fuskar da iska ke bugu ta koma kashi ɗaya cikin huɗu, amma nauyinsa ya koma kashi ɗaya cikin takwas. Nauyi ya fi fuska saurin raguwa. Shi ya sa garin dutse kan yi sa'o'i kafin ya kwanta a gurɓataccen ruwa, shi ya sa kuma ƙurar hunturu kan yi kwanaki tana yawo a sama alhali tsakuwa nan take take faɗuwa.

Isyaku Newton ne ya ba wannan bayani cikakken lissafi cikin babban littafinsa na shekarar 1687. Ƙarfi biyu ne ke aiki a kan abu mai faɗuwa. Na ɗaya nauyinsa, watau jan da ƙasa ke yi masa, wanda ba ya canzawa. Na biyu tokarewar iska, wadda ke tura shi sama, take kuma ƙaruwa da gudu. Ga abubuwa irin su dutse ko jikin mutum, in gudu ya ninku biyu tokarewar takan ninku kusan huɗu. Sa'ad da ƙarfin biyu suka yi daidai, babu sauran abin da zai ƙara gudun. Ƙwallon ƙarfe da na itace masu girma ɗaya, iska tana tokare su daidai in gudunsu ɗaya ne, amma na ƙarfen sai ya yi gudu mai yawa kafin tokarewar ta kai nauyinsa. Inda babu iska kuwa, gaskiya ne ƙasa ta fi jan abu mai nauyi, amma shi ya fi wuyar motsawa daidai wannan gwargwado, don haka duka tare suke tafiya.

Amfanin wannan a rayuwa ba ƙarami ba ne. Manyan ɗigon ruwan sama ba sa wuce kimanin mita 9 a sakan, watau wajen kilomita 32 a awa. Da babu iska, ɗigon da ya taso daga girgije mai nisan kilomita 2 zai iso da gudun kilomita 700 a awa. Mutumin da ya diro daga jirgin sama ya baje jikinsa yakan kai maƙurar kusan kilomita 200 a awa cikin sakan 12 ko makamancin haka. Da ya buɗe laima, fuskar da iska ke bugu ta ƙaru ƙwarai, maƙurar ta sauko wajen kilomita 20 a awa, ya dira lafiya. A shekarar 2012 Felix Baumgartner ya diro daga nisan kusan kilomita 39, inda iska ba ta da kauri, gudunsa ya haura kilomita 1,300 a awa, sa'an nan ya ragu da kansa yayin da ya shigo iska mai kauri.

Wannan ya nuna cewa Aristotal ma ba daga banza ya yi maganarsa ba. Abin da ya gani, kamar saukar abu cikin ruwa ko zuma, maƙurar gudu ce, a can kuwa mai nauyi yakan riga. Kuskurensa shi ne ya ɗauki aikin iska da ruwa a matsayin ɗabi'ar faɗuwa kanta.

BAYAN RASUWARSA

A shekarunsa na ƙarshe almajirai biyu suka zauna tare da shi suna rubuta abin da yake faɗa, watau Viviani da Evangelista Torricelli. Da ya rasu, hukumar Rum ba ta yarda a gina masa kushewa ta girmamawa ba, aka binne shi a wani ɗan ɗaki a gefen majami'ar Santa Croce ta Fulorens. Sai a shekarar 1737 aka mayar da shi cikin babban zauren majami'ar.

Hujjoji kuwa suka yi ta zuwa. Ba a yi shekara uku ba Torricelli ya samar da sarari marar iska a saman bututun zaiba, abin da Aristotal ya ce ba ya yiwuwa. Wani limamin Katolika, Giovanni Riccioli, ya riƙa sakin ƙwallayen yumɓu daga hasumiyar Asinelli a birnin Bolonya, ya tarar ƙa'idar 1, 3, 5, 7 gaskiya ce, ya kuma buga sakamakon a shekarar 1651. A shekarar 1835 aka fitar da jerin haramtattun littattafai babu littafin muhawarar Galileo a ciki, a shekarar 1992 kuma Paparoma John Paul na Biyu ya amsa a fili cewa waɗanda suka hukunta shi sun yi kuskure.

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Ran 2 ga watan Agusta na shekarar 1971, David Scott, shugaban tawagar kumbon Apollo 15, ya tsaya a kan wata, inda babu iska, da guduma a hannu ɗaya da gashin shaho a ɗaya hannun. Ya ambaci sunan Galileo, ya sake su lokaci guda, mutane a duniya suna kallo ta talabijin. Gudumar da gashin suka taɓa ƙasa tare, shekara 333 bayan fitowar littafin da makahon Arcetri bai sami ganin shafinsa ba.